Karnukan Haɗin Iri da Gidajen Ceto: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai maganganu da dama da ake yaɗawa a kan karnukan nan na yayi, irin su Labradoodle da Cockapoo da Cavapoo: wai ba sa zubar da gashi, wai ba sa ciwo, wai masu borin jini ma za su iya zama da su lafiya lau, wai kuma tsadarsu ta fi ƙarfin a same su a gidan ceton dabbobi. Yawancin waɗannan maganganu daga bakin masu talla suka fito, kuma karnukan ne ke ɗaukar wahalar idan alkawarin bai cika ba. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu.

Wane irin kare ake nufi da karen haɗin iri?

Kare ne da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu sanannu da gangan, sannan aka raɗa wa 'ya'yan suna ta hanyar gutsuro sunan uwa da na uba. Labrador da Poodle su ba da Labradoodle. Cocker Spaniel da Poodle su ba da Cockapoo. Golden Retriever da Poodle, Goldendoodle. Cavalier King Charles da Poodle, Cavapoo. Pug da Beagle, Puggle. Za ka lura Poodle ya fi kowa shiga ciki, saboda gashinsa murɗaɗɗe ne kuma bai cika zuba ba.

Masu kiwo suna da alamominsu. F1 shi ne ɗan haɗin farko. F1b shi ne wanda aka mayar da F1 aka haɗa shi da ɗaya daga cikin irin iyayensa, galibi Poodle. F2 kuwa 'ya'yan F1 biyu ne. Manyan ƙungiyoyin rajistar karnuka, irin su American Kennel Club ta Amurka da Royal Kennel Club ta Birtaniya, ba su ɗauki ko ɗaya daga cikinsu a matsayin iri mai zaman kansa ba. Ma'ana babu wani mizani da aka amince da shi na girmansu, gashinsu ko halinsu.

Daga ina abin ya faro?

Cockapoo ya daɗe. An san shi a Amurka tun wajen shekarun 1960. Amma labarin da ya buɗe ƙofar yayin shi ne na Wally Conron, mai kula da kiwo a ƙungiyar horar da karnukan jagorar makafi ta Ostireliya. Wata makauniya a Hawai ta nemi kare ɗan jagora, ga shi mijinta yana da borin jini da karnuka. Conron ya gwada Poodle da yawa bai samu wanda ya dace da aikin ba, sai a 1989 ya haɗa Poodle da karya Labrador. Aka haifi 'yan kwikwiyo uku. Da aka gwada gashinsu da yawunsu, ɗaya kacal ne bai tayar wa mijin da ciwon ba, wanda aka sa wa suna Sultan.

A riƙe wannan da kyau: tun cikin farko, biyu daga cikin uku ba su cika alkawarin da har gobe ake tallata Labradoodle da shi ba. Conron kansa ya fito daga baya ya ce yana nadamar abin da ya fara, saboda yadda masu neman kuɗi suka dinga haɗa Poodle da duk karen da suka samu ba tare da duba lafiyar iyaye ba.

Gaskiya ne ba sa tayar da borin jini?

Ba gaskiya ba ne a matsayin ƙa'ida. Abin da ke sa mutum atishawa, ƙaiƙayin ido ko toshewar ƙirji ba gashin kansa ba ne. Wasu sinadarai ne da ke cikin yawun kare da ɓarɓashin fatarsa da fitsarinsa, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Can f 1. Kowane kare yana da yawu, kowane kare yana da fata.

A 2011 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit sun auna ƙurar gidaje 173 masu karnuka, ba su sami bambanci ba tsakanin gidajen da ke da karnukan da ake cewa ba sa tayar da ciwon da sauran gidajen. A 2012 wani bincike a Jami'ar Utrecht ta Holand ya gano ma cewa sinadarin ya fi yawa a gashin Poodle da Labradoodle fiye da na wasu karnukan da ba a yi musu wannan kirari.

Hakan bai hana wani mai borin jini ya zauna da wani kare guda ɗaya ba tare da damuwa ba. Yana faruwa. Sai dai daga kare zuwa kare ne, daga mutum zuwa mutum, ba daga sunan iri ba. Wanda yake da ciwon ya je ya zauna da ainihin karen da yake so ya ɗauka, sau da yawa, kuma ya tuntuɓi likitansa. Babban kare ya fi sauƙin gwadawa, domin gashin kwikwiyo yana canzawa yayin da yake girma.

To gashin fa? An ce ba sa zubarwa, ba sa buƙatar wahala.

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, kuma a ganina wannan ƙaryar ta fi kowacce cutar da karnukan.

Ɗan haɗi yana iya gado gashin Poodle, yana iya gado na Labrador mai zuba, yana kuma iya fitowa da wani abu tsakani. Cikin ciki ɗaya ana samun dukansu. Wanda ya fi wahala shi ne na tsakanin: gashin ƙasa mai laushi yana zuba, amma murɗaɗɗen gashin sama ya riƙe shi ya hana shi faɗuwa. Sai ya cuɗe ya dunƙule a jikin fata. Daga waje karen yana nan tubarkalla, gashi buzu-buzu. Sa yatsa bayan kunnensa, ko hammatarsa, ko inda abin wuya yake gogawa, sai ka ji wani dunƙule mai tauri manne da fata. Duk motsin da karen ya yi, dunƙulen yana jan fatar. Danshi yana taruwa a ƙarƙashi, fata ta yi ja, wani lokaci ta zama gyambo, ƙuma kuma su sami maɓoya. Idan abin ya yi nisa, mataji ba ya shiga. Sai dai a aske karen tas, gashin ya ɓantalo kamar tabarma guda.

Kare irin wannan yana buƙatar taje gashi har zuwa fata sau da yawa a mako, wasu ma kullum, sannan a kai shi wurin mai aski duk bayan mako 6 zuwa 8, muddin ransa. Wannan kuɗi ne, lokaci ne kuma. Wanda aka ce masa ya sayi kare marar wahala bai shirya wa wannan ba. Masu aikin ceto sun saba karɓar irin waɗannan karnuka a cukurkuɗe, aikin farko da ake yi musu shi ne aski.

Amma ai haɗa jini biyu yana ƙara lafiya, ko ba haka ba?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa maganar take da wuyar kashewa. Wasu cututtukan gado ba sa bayyana sai kwikwiyo ya gaji ƙwayar gadon cutar daga uwa da uba duka. Idan iyayen daga iri biyu ne masu nisa da juna, damar haɗuwar tana raguwa. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2013 ya duba cututtukan gado 24: 10 sun fi yawa a karnuka masu tsantsar iri, 13 babu bambanci, ɗaya kuma, wato tsinkewar jijiyar gwiwa, ta fi yawa a karnukan da jininsu ya gauraya.

Matsalar ita ce irin da ake haɗawa sau da yawa suna da cuta iri ɗaya. Poodle da Labrador da Cocker Spaniel duk ana samunsu da ƙwayar gadon wata cutar ido da ke cinye gani sannu a hankali har ta makantar. Labrador da babban Poodle duk suna fama da rashin daidaiton ƙashin ƙugu. Cavalier King Charles, wanda ake samun Cavapoo daga gare shi, an san shi da ciwon zuciya. Kunne mai lanƙwasa ga gashi a ciki kuwa, ciwon kunne ba ya nisa da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 2024 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta fitar da bincike a kan Cockapoo, Labradoodle da Cavapoo, ta kwatanta su da irin iyayensu a kan cututtuka 57 da aka fi gani. A kusan kashi 87 cikin 100 na kwatancen, babu bambanci. Wato ba su fi iyayensu lafiya ba, ba su kuma fi su ciwo ba. Abin da ke raba kwikwiyo mai lafiya da marar lafiya shi ne ko an gwada iyayensa kafin a haɗa su, da yadda aka rene shi.

Halinsu fa? Ba an ce duk masu sanyin hali ba ne, sun dace da yara?

Da yawansu suna da son mutane, babu musu. Amma a tuna da asalin iyayen. Poodle karen farauta ne da ake tura shi cikin ruwa ya ɗauko tsuntsu. Labrador ma haka. Cocker Spaniel yana iya wuni yana kutsa daji bai gaji ba. 'Ya'yansu suna zuwa da kaifin basira da ƙarfin jiki, fuska kuma kamar 'yar tsana. Mutum ya saya don fuskar, ya tarar da kare mai son gudu da aiki da horo kowace rana. Idan bai samu ba, sai haushi, tauna kujeru, tsalle a kan baƙi, da kuka idan an bar shi shi kaɗai.

Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2022 ya nuna cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin karnuka. Idan tsantsar iri ma bai ba da tabbaci ba, ina ga haɗi.

Kare mai tsada haka, me zai kai shi gidan ceto?

Abin da ke kai kowane kare. Tsadar saye ba ta hana mai gida rasa aiki, ko aure ya mutu, ko a koma gidan hayar da ba a yarda da dabba ba, ko tsohuwar da ke riƙe da shi ta kwanta ciwo. A Amurka kaɗai, karnuka kusan miliyan 3 ke shiga gidajen ceto a shekara, kuma babban kaso na waɗanda masu su suka miƙa da hannunsu, dalilin yana wajen mutanen ne: muhalli, kuɗi, rashin lafiya, rashin lokaci.

Sai kuma dalilan da suka keɓanci waɗannan karnuka, mun ambaci wasunsu a sama. Yaron gida ya fara atishawa duk da alkawarin mai sayarwa. Kuɗin aski ya yi yawa. An ce ƙarami ne, ya girma ya ninka abin da aka faɗa. Lokacin kullen korona a 2020 mutane sun yi rububin sayen 'yan kwikwiyo, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kuma karnukan haɗin Poodle suna cikin waɗanda aka fi nema. Da yawa sun taso ba su saba da baƙi ko zaman kaɗaici ba. Da aka koma aiki, matsalolin suka fito fili.

Akwai kashi na uku da ba a cika magana a kansu ba, kuma su suka fi ba ni tausayi: iyayen. Karyar da aka ajiye a keji tana haihuwa ciki bayan ciki, idan ta daina kawo kuɗi sai a yar da ita ko a miƙa ta. Haka ma 'yan kwikwiyon da suka wuce shekarun sayarwa ba a saye su ba. Wasu ana kawo su da yawa a lokaci guda idan hukuma ta rufe wani wurin kiwo. Irin waɗannan za ka ga ba su taɓa taka ciyawa ba, ba su san igiyar yawo ba, hannu idan ya miƙo sai su maƙure a kusurwa.

Hujja mafi sauƙi ita ce akwai ƙungiyoyin ceto da aka kafa musamman saboda su, kamar Doodle Trust a Birtaniya da IDOG Rescue a Amurka. Da ba a yar da su, da waɗannan ƙungiyoyi ba su da aikin yi.

Na duba shafukan gidajen ceto ban ga ko ɗaya ba. Ina suke?

Suna shigowa, amma ba sa daɗewa. Ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu yana iya samun masu nema da yawa kafin a kai ga sa hotonsa a intanet, domin wasu gidajen suna da jerin masu jira. Wasu kuma ana wucewa da su kai tsaye zuwa ƙungiyoyin da suka ƙware a kansu, su kuma su ajiye su a gidajen masu riƙo na wucin gadi. Wasu suna nan a shafin amma an rubuta "haɗin Poodle" kawai, an kuma aske su, ba za ka gane su ba.

Ba daidai ba ne kuma a zuzuta a ce gidajen ceto sun cika maƙil da su. Waɗanda suka fi daɗewa suna jira su ne manyan karnuka, tsofaffi, da masu faffaɗan kai da mutane ke jin tsoro. Mai neman kwikwiyon Cavapoo ɗan mako 8 a gidan ceto zai daɗe bai samu ba. Mai neman ɗan shekara 2 zuwa 6, kuma yana da haƙuri, yana da kyakkyawar dama.

Wanda aka kai gidan ceto ba mai matsala ba ne?

Wasu suna da matsala, kuma gidan ceto nagari zai faɗa maka kafin ka ɗauka. Da yawa kuwa ba su da wani aibi illa ƙarancin horo da motsa jiki. Fa'idar babban kare ita ce abin da ka gani shi ka samu: girmansa ya tsaya, gashinsa ya bayyana, an ga yadda yake da yara da sauran dabbobi. Galibi an yi masa rigakafi, an yi masa fiɗiya ko an cire mata mahaifa, an kuma sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Sai dai a ba shi lokaci. Makonnin farko a sabon gida ba su ne ainihin halinsa ba. Yana iya ƙin ci, ko ɓuya, ko yin fitsari a ɗaki, kafin hankalinsa ya kwanta.

Ta yaya zan tabbatar Labradoodle ne na gaske?

Idan ba shi da tarihi, ba za ka tabbatar da ido ba. An sha gwada hasashen ma'aikatan gidajen ceto da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta, kuma sau da yawa ba sa dacewa. Ana sayar da kayan gwajin da ake goga wa kare a kumatu a aika ɗakin bincike, ga mai son sani. Wani bincike a 2020 ya nuna cewa karen da ake kira Labradoodle na Ostireliya, mafi yawan jininsa na Poodle ne, na Labrador ɗan kaɗan. Tambayar da ta fi amfani ita ce wane irin gashi wannan karen yake da shi, da yawan gudun da yake buƙata.

Ke nan duk masu kiwonsu macuta ne?

A'a. Akwai masu yi da gaskiya. Za ka gane su da cewa suna nuna takardun gwajin ƙugu, ido da ƙwayoyin gado na uwa da uba, suna barinka ka ga uwar tare da 'ya'yanta a inda aka haife su, ba sa raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8, suna yi maka tambayoyi fiye da yadda kake yi musu, kuma suna rubuta cewa za su karɓi karen idan wata rana ka kasa. Ba sa rantsuwa cewa ba zai zubar da gashi ba.

Wanda ya ce ku haɗu a bakin titi ko wurin ajiye motoci, ko yana da iri biyar a shirye kowane lokaci, ko ya ce ka tura kuɗi kafin ka ga komai, a guje shi. Ba a cinikin biri a sama. Kuma sayen kwikwiyo daga irin wannan wuri don tausayi, biyan kuɗin cikin da zai biyo baya ne.

Dokoki sun fara takura su. A Ingila, tun Afrilun 2020 dokar da ake kira Lucy's Law ta haramta wa dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Sai dai a saya kai tsaye daga mai kiwo ko a ɗauko daga gidan ceto. Sunan dokar na wata karya ce Cavalier da aka kuɓutar daga wurin kiwo a Wales. Jihar Kalifoniya ta hana shagunan dabbobi sayar da karnukan kiwon kasuwa tun farkon 2019.

Akwai masu fakewa da sunan ceto suna ciniki?

Akwai. Da yake mutane sun fara ƙyamar saye daga shago, wasu dillalan sun koma kiran kansu masu ceto. Alamarsu: kullum suna da ƙananan 'yan kwikwiyo na yayi, babu tsoho ko marar lafiya ko ɗaya, kuɗin da suke karɓa ya yi daidai da farashin kasuwa, ba sa tambayarka komai game da gidanka, ba kuma za su faɗi inda karen ya fito ba. Ƙungiya ta gaskiya tana da rajista, tana da likitan dabbobi da take aiki da shi, tana iya zuwa duba gidanka, kuma tana iya ce maka a'a. Kuɗin da take karɓa na rage abin da ta kashe ne wajen magani da ciyarwa.

Ina da irin wannan kare kuma na fara gazawa. Me zan yi?

Kada ka jira abin ya ƙazanta, kuma kada kunya ta hana ka magana. Fara da likitan dabbobi, domin kare mai ciwon kunne ko dunƙulallen gashi yana iya yin gurnani ko cizo saboda zafi, hali ya gyaru da zarar ciwon ya tafi. Idan gashi ne ya fi ƙarfinka, a riƙa yi masa gajeren aski. Ba ya rage shi da komai. Idan hali ne, nemi mai horarwa da ke aiki da lada, ba duka ba, ka kuma ƙara masa yawo da wasan da zai sa ya yi amfani da hancinsa da ƙwaƙwalwarsa.

Idan duk da haka dole ku rabu, tuntuɓi wanda ya sayar maka tukuna in mai gaskiya ne, sannan ƙungiyar ceto da ta san irinsa. Yi hakan da wuri, don da yawansu suna da layin jira. Kada ka sa shi a intanet kyauta ko da araha, musamman karyar da ba a cire wa mahaifa ba, domin masu kiwon kasuwa suna farautar irin wannan talla. Ka miƙa shi da katin rigakafinsa da bayanan na'urar shaidarsa, ka rubuta abincin da ya saba, abin da yake tsoro, da ko ya taɓa cizo. Da wannan bayani ne masu ceto za su zaɓa masa gidan da ba za a sake dawo da shi ba.